Gwiwar Yun-ru da Zafin Yuli

"Sauko daga kan keken nan."

Ƙafar Yun-ru ta zame daga feda.

Mahaifiyarta ce tsaye a tsakiyar hanyar gona, hannu ɗaya a ƙugu, ɗayan riƙe da mafici, ko rigar girki ba ta cire ba. Ƙarfe shida na safe bai cika ba, lokacin da ya kamata a ce tana shago tana ɗora tukunyar shinkafa ta biyu. Amma ga ta nan, ta bar wuta ta bar ciniki, ta biyo sawun 'yarta har cikin gonakin Chishang.

"Ma... bari in yi miki bayani."

"Na ce ki sauko."

Ta sauko a hankali tana lallaɓa gwiwar hagu. A-Kang da ke biye da ita ya kama birki, ya cire hular kwano, ya rusuna ya ce, "Ina kwana, A-yi," wato Inna a harshensu. Ko kallon inda yake Ma ba ta yi ba. Ta ce wa 'yarta ta wuce gida a ƙasa, keken kuma mai shi ya ɗauki abinsa, in ya ga dama ya dafa ya ci.

Bara war haka abin ya faru. Yun-ru malamar firamare ce, shekararta ashirin da bakwai, kuma tun tana ƙarama ba abin da take so irin keke. A-Kang kuwa mai gyaran keke ne a bakin tashar jirgi, dogo, rana ta gasa shi, ba ya magana sai an taɓo zancen kaca da giyar keke. Wata biyar suka yi suna fita tare duk Lahadi, kowa na son kowa, ba wanda ya furta. Sai ranar da suke gangarowa daga kan tsauni kare ya gitta mata. Ƙoƙon gwiwarta ya tsage. A-Kang ne ya goyo ta har bakin titi, shi ya kai ta asibiti, shi ɗin ne kuma Ma ta kora daga ƙofar ɗakin tiyata a gaban jama'a.

Daga ranar ba ta sake jin ɗuriyarsa ba.

Wanda ta riƙa gani shi ne Shao-ming, ɗan mai injin casar shinkafa, mai mota mai sanyi da turaren da ke riga shi shiga ɗaki. Da yake Ma ba ta iya barin shago, shi ya ɗauki nauyin kai Yun-ru wurin likitan ƙashi duk bayan mako biyu. A gabansa likitan ya ce da zarar ƙashi ya haɗe, ba maganin da ya fi mata keke, a hankali, a kan hanya mai laushi. Amma da suka dawo gida, sai ya keɓe Ma ya gaya mata likita ya ce in ta sake hawa keke ta gurgunce ke nan. Yun-ru ta yi rantsuwa, ta yi kuka, ta ce a kira likitan a waya. Ma ta ce mai son abu ba abin da ba zai faɗa ba, ita ta yarda da yaron kirki.

Wata goma sha ɗaya tana zaune. Ƙafar ta ƙanƙance, ta yi tauri, matakala goma sha biyu ta gidansu ta zame mata tsauni.

Da aka ba da hutun makaranta, haƙurinta ya ƙare. Ta ɗingisa har bakin tasha, ta tsaya a ƙofar shagon A-Kang tana haki. Yana durƙushe yana ɗaura taya, ya ɗago ya gan ta, sifana ta suɓuce daga hannunsa.

"Kare ne ya kayar da ni," in ji ta, "amma kai ne ka gudu."

Ya miƙe. Sannan ya gaya mata sau uku yana zuwa asibiti, a na ukun Shao-ming ya tare shi a bakin ƙofa ya ce Yun-ru ta aiko shi, wai ganinsa na tuna mata da faɗuwar, ya taimake ta ya fita harkarta. Shi kuma ya ga ai da gaskiyarta.

Ta rasa ko kuka za ta yi ko ta jefe shi da famfon iska.

Bai jira ta zaɓa ba. Ya shiga ciki ya turo wani keke ruwan ganye, marar nauyi, mai giya mai laushi, sirdinsa daidai tsawonta. Tun lokacin sanyi ya haɗa shi.

"Me ya sa, tunda an ce maka ba na son ganinka?"

"An ce ba kya son ganina, Ru-ru. Ba a ce ba kya son keke ba."

A nan kukan ya ci ƙarfinta.

Haka suka fara satar fita. Zafin bana ba na wasa ba ne, tun takwas na safe kwalta ke fara turiri, gyare na kuka kamar ana biyan su. Don haka A-Kang ya kafa mata doka: a fita biyar, a dawo kafin bakwai, a sha ruwa tun ƙishi bai zo ba, in gwiwa ta yi magana a saurare ta. Ranar farko kilomita ɗaya ta yi, ta sauka ƙafarta na rawa, tana zagin keken da mai keken. Ya miƙa mata gorar ruwa ya ce ɗalibanta sun fi ta juriya. Ta ce ɗalibanta ba su da ƙusoshi a gwiwa. Cikin mako uku ta kai kilomita goma sha biyar, ta fara hawa matakala ba tare da kama bango ba. Sai wata safiya motar Shao-ming ta wuce su a hankali, washegari kuma Ma ta tare hanya.

Kwana uku Ma ba ta yi mata magana ba, sai dai ta dangwarar mata da abinci ta juya.

A rana ta huɗu Shao-ming ya zo da kankana da shawara. Ya ce wa Ma tunda Yun-ru ta kafe, a bar ta ta gwada sau ɗaya, amma tare da shi, doguwar tafiya, ta gani da idonta ba za ta iya ba, ta haƙura har abada. Har ya sayo keke daga birnin Taitung, mai tsadar gaske. Ma ta ce wannan ita ce magana. Ya sa ranar Lahadi, ƙarfe sha ɗaya na rana.

Yun-ru ta ce ko mahaukacin kare ba ya fita a wannan lokacin. Ya yi dariya ya ce rana ba ta kisa. Ta dube shi sama da ƙasa, da hannuwansa da ba su san aiki ba, ta ce to shi ke nan, ta yarda.

Da safiyar Lahadi ta tarar da keken ruwan ganye a jingine a ƙofar gida, da gorar ruwa biyu, da ƙullin busassun 'ya'yan itace masu gishiri. A jikin ƙullin an rubuta: a hankali, Malama.

Shao-ming ya fara kai Ma a mota ya ajiye ta a ƙarƙashin babbar cediyar da ke gefen ɗan ɗakin bauta a tsakiyar gonaki, kilomita tara daga gari, da akwatin kaya ɗauke da abincin mutum uku. Nan za su same ta. Ya dawo ya fito cikin baƙaƙen kaya masu ɗame jiki, ba hula a ƙarƙashin kwano, ba gora. Ya ce ruwa nauyi yake ƙarawa.

Suna tashi ya cilla kamar an harba shi.

Ita kuwa ta bi a sannu. Ta jiƙa ƙyalle ta ɗaura a wuya, duk minti goma ta kurɓi ruwa, ta jefa ɗan gishiri a baki. An riga an girbe shinkafar dashen farko, an cika gonaki da ruwa ana shirin dashe, rana na dukan ruwan tana dawowa fuska. Zufa ta jiƙa ta sharkaf, amma gwiwar na juyawa sumul. A kilomita na bakwai ta cim masa, yana tafiya yana karkata, bakinsa a buɗe. Ta miƙa masa gora. Ya ce ba ya buƙata.

Ita ta fara isa cediyar. Ma ta miƙe tsaye, mafici ya tsaya a hannunta, tana duban 'yarta, tana duban hanya.

Can sai ga Shao-ming. Saura taku ashirin ya iso, keken ya bar hanya, ya nufi gona kai tsaye, ya kifa da shi cikin taɓo.

Su biyu suka jawo shi inuwa. Da farko abin ya ba Yun-ru dariya, amma da ta ga fuskarsa ta yi fari fat, idonsa na juyawa, yana kiran Ma da sunan kakarsa, sai dariyar ta ɗauke. Ta kwantar da shi, ta ɗaga ƙafafunsa a kan akwatin kayan Ma, ta zuge masa riga, ta ce Ma ta riƙa ɗebo ruwan magudana tana zuba masa tana fifita. Ta kira A-Kang a waya. Yana garin Guanshan ya kai kaya, ya ce minti ashirin, ta nemo ƙanƙara ko ta halin ƙaƙa.

Akwai wani shagon mai ƙanƙara da mangwaro kilomita biyu daga nan.

"Ina za ki? Gwiwarki..."

"Fifita shi, Ma."

Ta haye keken. Ba ta ma san lokacin da ta miƙe tsaye a kan feda ba, abin da rabonta da yi shekara guda ke nan. Iska mai zafi na dukan fuskarta, zuciyarta na bugawa, ƙafar hagu na tura feda daidai da ta dama. Cikin minti goma sha biyu ta dawo da leda biyu na ƙanƙara suna lilo a hannun keke. Ta cusa masa a hammata da wuya.

Lokacin da 'yar motar A-Kang ta iso, Shao-ming ya dawo hayyacinsa. A-Kang ya durƙusa ya tallafo kansa, ya riƙa ba shi ruwan gishiri kaɗan-kaɗan kamar jariri, yana goge masa taɓo da tawul ɗinsa, ya ce ko ya ji sauƙi sai sun je asibiti an duba shi. Shao-ming ya dubi mutumin da ke riƙe da kansa. Ya dubi Yun-ru da ke tsaye ƙyam a kan ƙafafunta biyu. Sai ya rufe fuska da hannu.

"A-yi... likita bai ce haka ba."

"Bai ce me ba?"

"Cewa ya yi ta hau. Tun watan Maris ya ce ta hau."

Ma ta ɗaga maficin da take fifita shi da shi, ta maka masa a ka, ta ci gaba da fifita shi.

Yamma ta yi kafin A-Kang ya dawo daga kai Shao-ming asibiti. Ya tsaya a bakin shagon Ma don ya ce an ƙara masa ruwa an sallame shi, yana shirin juyawa.

"Ka ci abinci?"

Ya waiga ya ga ko da wani take. Ba kowa a bayansa.

Ta zaunar da shi a teburin ciki, wanda ba a ba baƙi. Ta zuba masa shinkafa ta danna, ta ɗora cinyar kaza, ta dube ta, ta ƙara wata. Yun-ru na tsaye a jikin ƙofar kicin, ta ƙi motsi kada abin ya watse.

Ma ta zauna a gabansa tana goge tebur ɗin da ba datti. Ta ce ranar da ta shigo asibiti ta ga gwiwar 'yarta a buɗe, ta ga jini a rigarsa, ta rasa wanda za ta kama sai shi. Ita kaɗai ke gare ta. Ta ce yau kuma ta ga yarinyar nan ta miƙe a kan keke, sai ta ji kamar ranar da ta fara tafiya.

"Laifina ne, A-yi, da na..."

"Ci abincinka. Laifin kare ne."

Ya ci. Ya cinye tas, har da ganyen da ba ya so. Ya ajiye sandunan cin abinci, ya goge hannu a wando, ya tashi ya nufi Yun-ru, kunnuwansa sun yi ja. Ya fara lanƙwasa gwiwa zai durƙusa.

"Kar ka soma," in ji ta. "Ni har yanzu ban iya durƙusawa ba, ba na son gori."

Ya miƙe ya tsaya cak, kalmomin da ya haddace suka gudu. Ya ce ya daɗe yana tunani... wato tun bara... wato in ba damuwa...

Ma ta buga ludayi a gefen tukunya.

"Kai, ka tambaye ta mana, ina da ciniki."

"Ru-ru, za ki aure ni?"

"Ka ɗauki shekara guda kafin ka tambaya," in ji ta, hawaye na zuba tana dariya. "Ni ma sai na yi tunani."

"Har yaushe?"

"Na gama. Zan aure ka."

Bayan girbin kaka aka yi bikin, lokacin da zafi ya sauka. Shao-ming ya aiko da buhun shinkafa goma da takardar ban haƙuri, da kuma keken nan mai tsada, ya ce shi da keke har abada. A-Kang ya sauke masa sirdi, ya sa masa kwando a gaba. Yanzu duk safiya Ma ce ke zuwa kasuwa a kansa, tana kaɗa wa masu mashin ƙararrawa su ba ta hanya.