Kunkuru a Kan Gadar Castello

Ranar da Orsola ta fara ganinsa, sama ta yi duhu tun hantsi, ruwan mashigi kuma ya cika har yana lasar matakala ta uku. Zaune yake a kan gadar da ke ƙofar gidan burodinsu a unguwar Castello, da ƙatuwar jaka a bayansa, yana gutsurar busasshen burodi.

"Tashi daga nan kafin 'yan sanda su zo," ta ce. "A Venice ba a cin abinci a kan gada. Tara za su ci ka."

Ya miƙe da ƙyar, jakar na rinjayarsa. Ta kasa riƙe dariya.

"Kamar kunkuru."

"Ke kuma kin sha fulawa har gira," ya ce da Italiyancin tsofaffi, wanda ya koya a bakin kakarsa.

Ramiro sunansa, mai gyaran wutar lantarki ne daga Uruguay. A Mestre yake kwana, can hayin gada, a ɗakin mutum goma, domin kwanan cikin birni ya fi ƙarfinsa. Ba ya hawa jirgin ruwa, da ƙafa yake zaga gari, ya cika gorarsa a famfon dandali, ya leƙa cocin da ba a biya. Kwana uku ya zo yi. Orsola ta miƙa masa burodin jiya guda biyu, kwana uku suka zama mako uku.

Kullum in ta tashi aiki sai su zaga lungunan da baƙi ba sa shiga. Ta nuna masa tagogin da aka rufe da katako.

"Nan ƙawata ta taso, sun koma tudu. Nan mai kifi ne, ya mutu, 'ya'yansa sun sayar. A layinmu gida huɗu suka rage da mutane."

Ya taɓa bango, gishiri ya zubo masa a hannu kamar toka.

Da yamma saƙonsa kan shigo: "Fulawata, na isa lafiya. Mutum tara na minshari, ni kaɗai nake tunaninki."

Ta mayar: "Kunkuruna, ka ci abinci mai zafi yau? Kada ka yi mini ƙarya."

Mahaifinta, Nereo, shekara arba'in yana gasa burodi a shagon nan. Ranar da ta kawo Ramiro, ko hannu bai ba shi ba. Saurayin ya dubi wayoyin tanda da suka bi ta ƙasan bango, ya ce, "Maigida, wayoyin nan sun yi ƙasa da yawa, kuma sun tsufa. In ruwa ya shigo..."

"Ruwa ya shigo sau ɗari kafin a haife ka," Nereo ya katse shi. Ya juya ga 'yarsa. "Masu jaka a baya ba sa zama, Orsola. Su ci, su ɗauki hoto, su tafi. Wannan kuma da ke zai tafi, in rufe shago, layi ya koma gida uku. Ga Alvise nan, ɗan gari, da jirginsa."

Alvise direban jirgin ruwa na haya ne, ya daɗe yana zarya a shagon yana sayen burodin da ba ya ci.

Bayan kwana biyu saƙon Ramiro ya shigo: "Gobe zan yi tafiya. Kada ki tambaye ni dalili tukuna, ina tsoron in sa miki rai a banza."

Ta kira, bai ɗauka ba. Washegari Alvise ya jingina da kantar shagon yana murmushi.

"Na ga kunkurunki a tashar jirgin ƙasa. Wata mai jan gashi ta rungume shi, suka shiga tare. Na ɗauka ya yi miki sallama."

Orsola ta ɗauko wayarta. Ta rubuta: "Na ji labarin mai jan gashi. Sauka lafiya." Ta kashe wayar, ta tura ta ƙarƙashin matashi.

Kwana biyar iskar kudu tana kaɗawa, tana turo teku cikin gari. Beraye suka fara hawowa matakala da rana tsaka. Maƙwabta suka kafa ƙarafan tare ruwa a ƙofofi, ba mai yi wa wani doguwar gaisuwa.

Safiya ta shida jiniyar gargaɗin ambaliya ta yi kuka. Orsola ta tsaya tana ƙirga muryoyinta, domin kowane ƙarin murya ƙarin ruwa ne. Ta kai huɗu, wadda babu gaba da ita.

Kafin ƙarfe goma ruwa ya haura ƙarfen ƙofa, ya kuma ɓullo ta ƙasan daɓe. Nereo na tsaye a ciki har gwiwa yana ɗora buhunan fulawa a kan kantar shagon. Orsola ta kunna wayarta ta kira Alvise.

"Jirgina ba zai wuce ƙarƙashin gada ba," ya ce. "Ku hau sama kawai."

Tana kan matakalar bene ta ga mahaifinta ya tsaya cak.

"Orsola, kada ki sauko," ya ce a hankali. "Ruwan na cizon ƙafata."

Daga bayan tanda wani zuu yake tashi, da warin ƙonannen roba. Makashin wutar lantarkin yana can bangon ƙofa, ruwa tsakaninsu da shi.

Sai ga inuwa a taga. Ramiro ne, jakarsa a ka, jiƙe har ƙirji.

"Maigida, kada ka taɓa ƙarfe. Tsaya yadda kake."

Ya hau dakalin taga, ya tako kan kantar, ya jawo dogon katakon da ake fito da burodi, ya miƙa shi ya doki makashin. Sau biyu yana kuskurewa. A na uku shagon ya yi duhu, zuu ɗin ya mutu. Nereo ya sulale, Ramiro ya riƙo shi ta kwalar riga.

A sama, bayan sun lulluɓe tsohon da bargo, Ramiro ya zaro wata takarda daga leda.

"Ƙauyen kakata na je, can cikin duwatsu. Takardar haihuwarta ce, da ita zan nemi izinin zama. Ban tabbata tana nan ba, shi ya sa na yi shiru. Mai jan gashin jikar ƙanen kakata ce, ita ta raka ni. Can babu sabis, sai jiya na ga saƙonki."

Orsola ta rufe fuska da tafukanta. "Ka yafe mini, Kunkuruna."

"Ni ya kamata in faɗa miki tun farko, Fulawata."

Nereo ya gyara bargon a kafaɗarsa. Can ya ce, "Wayoyin nan, za ka iya ɗaga su sama?"

"Zan iya, maigida."

"To fara gobe. Kuma ka bar ce mini maigida."

An ɗaura auren a watan Mayu, a ƙaramin cocin unguwa. Duk mutanen layin sun zo, ba su cika benci uku ba. Alvise ne ya kawo amarya a jirginsa, kansa a sunkuye.

A ƙofar coci Nereo ya damƙa wa ango wani tsohon makulli.

"Ɗakunan hawa na uku ne, inda aka haife ni. Ruwa bai taɓa kaiwa can ba." Ya dubi mashigin, ya ƙara da cewa, "Har yanzu dai."

Sannan ya ɗora hannu ɗaya a kan Orsola, ɗaya a kan Ramiro.

"Allah ya zaunar da ku lafiya, 'ya'yana. Ya ba ku zuriyar da za ta cika layin nan da hayaniya. In kuma wata rana dole ta sa ku tashi, ku tashi tare, na yafe muku."