Gahawa a Kwalbar Turare

Ƙamshi ne ya tsayar da Sailuba a Ƙofar Doka tun kafin ta ga mai shagon. Aƙilu yana juya 'ya'yan gahawa a kasko, ya ɗago kai, ita kuwa ta manta abin da aka aike ta saye.

Wata huɗu ana hira. "Zumata" yake kiranta, ita kuma ta rufe fuska da mayafi.

Da magana ta isa gida, mahaifinta Malam Yakubu ya ɗaure fuska. Nabil, ɗan amininsa, yake so mata. Amma Malam ya yi karatu a Sudan, ba a yi masa wasa da gahawa. Ya ce, "Ya aiko da abin da yake soyawa, in ga ko sana'a yake ko shirme."

Aƙilu ya zaɓi mafi kyau, ya soya, ya liƙe a leda mai kauri. Ya biyo da saƙo:

"Kar a buɗe sai ranar sha, zumata. Iska tana kashe ta, rana ma haka, kuma tana zuƙe duk ƙamshin da ke kusa."

Sai tafiya ta kama Malam, sati uku. Sailuba ta dubi ledar ta taɓe baki. Wannan za a kai gaban Baba, kamar ƙullin garin kwaki? Ta wanke kyakkyawar kwalbar da ta taɓa zuba turaren wuta, ta juye a ciki, ta ɗora a taga tana kallo kullum da safe. Kaico, so ne fa ya sa ta.

Malam ya dawo, ya tara abokai a zaure bayan la'asar. Aka dafa gahawar, kurɓa ɗaya ya tofar. Ta yi lami, ga warin turare.

"Tsohon kaya ya shafe da turare! Ni zai yi wa algus?"

Kafin Juma'a maganar ta kai Ƙofar Kuyambana. Masu saye suka janye ɗaya bayan ɗaya. Sailuba kuwa, abin kunya, tsoro ya sa ta yi gum.

Aƙilu ya turo mata saƙo: "Me na yi wa Baba? Da hannuna na liƙe ledar nan."

Ta karanta, ta kife wayar. Kwana arba'in cur ba amsa.

Ranar da ta wuce ta ga shagon da kwaɗo, ta juya gida. Ta ɗauko kwalbar, ta durƙusa gaban mahaifinta.

"Baba, ku shinshina. Ni na juye. Ya gargaɗe ni, na ƙi ji."

Malam ya shinshina kwalbar. Da ƙafarsa ya je ya ba Aƙilu haƙuri, ya kuma wanke shi a gaban abokan nan. Shago ya buɗe, amma rabin masu saye ba su dawo ba.

Bayan Sallah aka ɗaura aure, aka sa albarka, aka watse.

Washegari Aƙilu ya farke sabuwar leda, ya dafa, ya miƙa mata kofi.

"Kwalbar ba ta dame ni ba, Sailuba. Kwana arba'in ɗin nan ne."

Ga sukari a gabanta, ba ta taɓa ba. Ta shanye tas, hawaye na zuba. Ya karɓi kofin, ya daɗe yana juya shi a hannu.

"Allah ya ba mu zaman lafiya, zumata."

"Amin," ta ce, da ƙyar.