Saƙon Inna da Furar Kaka

A zamanin da, tun ana ciniki da wuri, akwai wani yaro a ƙauyen Tabanni, a ƙasar Birnin Gwari. Gidansu yana bakin daji. Yaro ne mai saurin ƙafa, duk aiken gidan shi ake ba. Aibinsa ɗaya ne, ba ya son a yi masa dariya ko kaɗan.

Yana da kaka, wadda ta haifi babansa. Tsohuwa ce mai son mutane da son fura. "Maigidana" take kiransa, irin wasan kaka da jika. Idan ta dama fura ta zuba zuma, ko sarki ne ya zo sai ya jira ta gama.

Wata shekara bayan girbi, Kaka ta soma rama. Kullum tana jin ƙishirwa, ta sha ruwa kamar ba ta sha ba. Inda ta yi fitsari kiyashi ne suke taruwa. Ana cikin haka ƙaya ta soke ta a ƙafa, ciwon ya ƙi warkewa.

Baba ya tafi Kuyello ya zo da Malam Mu'azu mai magani. Malam ya duba ƙafar, ya yi wa Kaka tambayoyi. Ya ce ya taɓa ganin irin wannan ciwo. Shi ne wanda a yau muke kira ciwon sukari.

Ya ce jikinta ya daina ɗaukar hatsi da zaƙi. Ta bar fura da kunu da zuma da doya. Tuwo kuma ɗan kaɗan, kada ya wuce tafin hannunta. Ta riƙa cin rama da tafasa da zogale, da kifi da ƙwai da gyaɗa, ta sha nono zalla.

Kaka ta ɓata rai. Ta ce, "Malam, in ka raba ni da fura, me ya rage mini a duniya?"

"Ƙafarki ta rage miki, Iya," in ji Malam. "In kika ci gaba da sha, ciwon nan zai iya cinye ta."

Daga ranar Inna, mahaifiyar yaron, ta sauya tukunya. Ta riƙa kwaɗa wa Kaka rama da ƙuli-ƙuli, tana dafa mata kifi. Kaka tana ci tana mita, amma tana ci. Sannu a hankali ƙishirwa ta ragu, ciwon ƙafa ya soma kamewa.

Sai dai akwai sauran rina a kaba. Kaka ba ta zama wuri ɗaya. Yau tana gidan barka, gobe tana gidan dubiya. Duk inda ta shiga kuwa sai an dire mata ƙwaryar fura. Inna ta roƙe ta ta riƙa gaya wa mutane abin da Malam ya ce.

"Ni in shiga gidan mutane in ce ba na cin abincinsu?" in ji Kaka. "Allah ya kiyaye. Ai ba a mayar da hannun kyauta baya."

Inna ba ta fita da rana, don haka ta kira yaron. Ta ce ya je gidan Iya Furera, aminiyar Kaka. Ya biya gidan Ladi maƙwabciyarsu. Sannan ya ƙarasa ruga wurin Hassana mai nono. Ya gaya musu ciwon Kaka, da abin da aka hana ta, da abin da za ta iya ci.

Yaro ya ce to, ya fita da gudu.

A gindin tsamiya ya tarar da abokansa suna langa. Cikinsu har da Nababa, ɗan Ladi, wanda bakinsa ba ya gajiya da tsokana. Yana ganin yaron ya saki ƙafarsa.

Ya ce, "Ga jikan mai cin ganye! An ce kakarka ta koma kiwo da awaki. Ko rumbunku ne ya ƙare kuna ɓoyewa?"

Yara suka kwashe da dariya. Yaron ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya ce ƙarya ne, rumbunsu cike yake, kuma kakarsa tana cin tuwo fiye da kowa.

To, wanda ya faɗi haka, da wane baki zai shiga gidan su Nababa ya faɗi gaskiya? Ya shiga dai, ya gaida Ladi, ya ce Inna tana gaishe ta. Haka ya yi a gidan Iya Furera. Rugar ma bai ƙarasa ba. Ya dawo gida ya ce wa Inna ya isar da saƙo.

Bayan haka shi ne mai raka Kaka unguwa, yana riƙe mata sanda. A gidan Iya Furera aka kawo fura mai zuma. A gidan Ladi aka kawo kunun tsamiya da ɗumamen tuwo. Sun ji ba ta da lafiya, sai suka ƙara cika mata ƙwarya don ta yi ƙarfi. Kaka ta sha saboda kunya, ta kuma sha saboda kwaɗayi. Yaron yana zaune yana kallo.

Ba a daɗe ba ƙishirwa ta dawo. Ƙafar ta kumbura, ciwon ya buɗe. Wata rana da hantsi suna dawowa daga unguwa, Kaka ta tsaya ta dafa kafaɗarsa.

"Maigidana, idona yana ganin hazo," ta ce. Sai ta sulale ta zauna a ƙasa.

Yaron ya tsorata ƙwarai. Ya ruga gona yana kuka ya kira Baba. Aka ɗauko Kaka a kan jaki, aka sake aika wa Malam Mu'azu.

Malam ya wanke ciwon ya ɗaure. Ya tambayi abin da take ci. Kaka ta sunkuyar da kai ta faɗi gaskiya. Ran Inna ya ɓaci. Ta ce ashe Iya Furera da Ladi ba su da amana, an gaya musu amma suka yi kunnen ƙashi. Ta ce daga yau ba ita ba su.

Maganar ta soki yaron. Ga Kaka a kwance, ga Inna za ta ɓata da mutanen da ba su yi laifin komai ba. Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ya matso ya durƙusa.

"Inna, ba laifinsu ba ne. Ban gaya musu ba."

"Ba ka gaya musu ba? Don me?"

"Su Nababa ne suka yi mini dariya. Sai na ji kunya."

Ya zaci Baba zai ɗauko tsumagiya. Baba bai ɗauko ba. Ya ja shi zuwa ƙofar ɗaki, ya nuna masa ƙafar Kaka.

Ya ce, "Dubi nan da kyau. Dariyar Nababa da wannan, wanne ya fi ciwo?"

Yaron ya fashe da kuka. Baba ya ce kuka ba zai isar da saƙo ba. Ya tashi yanzu ya koma duk gidajen, ya faɗi abin da aka aike shi, ya kuma faɗi abin da ya yi.

Ya fara da gidan Iya Furera. Ya faɗi komai. Tsohuwar ta tafa hannu tana salati. Ta ce ashe da hannunta take cutar aminiyarta ba ta sani ba. Ta ja masa kunne, sannan ta sa ya maimaita mata abin da Kaka za ta iya ci har ta riƙe.

A gidan Ladi ya tarar da Nababa a tsakar gida. Duk da haka bai juya ba. Ya yi bayani a gabansa, ya ce rumbunsu bai ƙare ba, ciwo ne ya hana Kaka hatsi. Nababa ya yi tsuru-tsuru. Ladi ta harare shi, ta ce dama ta san bakinsa zai jawo wani abu wata rana.

Daga nan ya bi hanyar daji har ruga. Hassana ta saurare shi, ta ce wannan ai mai sauƙi ne. Za ta riƙa kawo kindirmo ba tare da fura ba.

Washegari gidansu ya cika da ƙore. Iya Furera ta zo da kwaɗon tafasa. Ladi ta aiko da miyar kifi. Can sai ga Nababa yana raɓe-raɓe a zaure, da ƙwan zabi a cikin hularsa. Ya ce a daji ya samo, a dafa wa Kaka.

Kaka ta daɗe tana jinya, amma ƙafar ta warke. Ciwon bai bar jikinta ba, sai dai ya lafa. Ranar da ta fara takawa ba sanda, ta kira yaron ta zaunar da shi kusa da ita. Ta ce ba shi kaɗai ya yi kuskure ba. Ita ma kunya ce ta hana ta buɗe baki, ga ta da furfura.

Ta ce, "Maigidana, ni da kai mun koyi karatu ɗaya. Tashi ka raka ni gidan Furera. Yau da bakina zan ce a ba ni nono zalla."

Yara, idan an ba ku saƙo ku isar da shi yadda yake, ko da za a yi muku dariya. Idan kuma wani naku yana da abincin da aka hana shi, ku gaya wa 'yan'uwa da abokai a fili. Ba abin kunya ba ne. Masu ƙaunarku ba za su iya taimakonku ba sai sun san abin da ke damunku.