Amaryar da Ba Ta Cin Burodi

"Gimbiya, yau ma burodinmu bai kai matsayinki ba?"

Inna ce ta dire burodi mai zafi a gaban matar autanta. Da burodi aka gina gidan nan: ita ta fara kwaɓi, Auta ya gaji tandar. Amarya kuwa tun zuwanta ko gutsure ba ta taɓa yi ba, sai ƙwai, bota da nama mai kitse. Sunan Gimbiya ma gatse ne Inna ta laƙa mata.

Ni ƙanin Inna, da na fi kowa kyau da hankali a gidan amma ba mai neman shawarata, ina gefe ina sauke musu nauyin bota.

A ɗaki Gimbiya ta fashe wa mijinta da kuka. "Don Allah ka gaya mata! Ka ce farfaɗiya gare ni, magani kaɗai bai riƙe ni ba, dokta ya haɗa min da abinci mai maiƙo, ya hana ni fulawa da sukari."

"Sori, masoyiyata, ki ƙara haƙuri. In Inna ta ji kalmar nan, wallahi raba mu za ta yi."

Ranar da Inna ta ce, "Wadda ta raina sana'ar ɗana, ɗana ta raina, ta koma inda ta fito," ranar Gimbiya ta ɗauki burodi ta ci tana murmushi. Washegari ta ƙara, ta ci gaba tana ɓoye wa mijinta. Inna ta hau shi mata albarka, har tana zaɓo mata mai laushi.

Wata rana da hantsi farfaɗiyar ta kayar da Gimbiya a bakin tanda. Hannunta ya sauka kan tire mai zafi.

A asibiti likita ya tambaya, "Wa ya mayar da ita kan burodi?"

Inna ta dubi ɗanta. Ya sunkuyar da kai, ya faɗi gaskiyar da ya danne.

"Kai! Ka bar ni ina ɗura wa 'yar mutane ciwo da hannuna, ina jin daɗi?" in ji Inna. "Ni na haife ka, amma ba ka san ni ba!"

Mahaifin yarinyar ya tafi da 'yarsa, ya ce an gama. Auta ya rame, burodinsa ya riƙa ƙonewa. Inna ba ta roƙi kowa ba. Wurin likita ta koma ta koyi awon abincin, sannan kullum da safe ta ɗauki kwano ta tafi gidan su Gimbiya, ta ajiye a bakin ƙofa ta juyo. Aka daɗe ana dawo mata da shi a rufe.

Wata safiya Gimbiya ta buɗe ƙofar da kanta, da tabon ƙuna a hannu.

"Inna, gishirin ya yi yawa jiya."

Inna ta rungume ta, suka yi ta kuka. Gimbiya ta dawo ɗakinta, faɗuwar ta yi sauƙi sosai, tabon dai yana nan.

Yara, ciwo ba abin kunya ba ne. Ɓoye shi ne ya ƙona yarinyar nan. Kada tsoro ya sa ku yanke wa iyayenku hukunci kafin ku gaya musu gaskiya.

Ni ne dai na yi asara. Yanzu botar gidan a kulle take, makullin a ƙugun Inna.