Shuɗin Rigar da Ya Sauya

Da aka buɗe akwatin a gidan baje koli, 'yar marigayin ta dubi zanen fentin mahaifinta ta ce atafau ba shi ba ne. Rigar matar da ke ciki shuɗiya ce, yanzu ta yi kore-kore.

Manajan gidan ya ce zane lafiyarsa ƙalau, hoton kundin baje koli ne ya ruɗe ta, don mai hoton ba ta iya aiki ba. Nan take ya sallami mai hoton, ya sha alwashin babu mai sake ba ta aiki.

Da aka kira 'yan sanda, Sufeto ya fara bincike da mai firam, wanda zanen ya yi kwana biyu a shagonsa. Ya rantse katako kawai ya taɓa. Shagon kuwa fari fat da dogayen fitilu. Direban da ya kawo zanen ya nuna hatimin akwatin, ba a taɓa shi ba.

Ita mai hoto ko gezau. Ta buɗe kwamfutarta.

"Ranka ya daɗe, ban taɓa ɗaukar zane ba tare da wannan katin mai ruwan toka a gefe ba. Da shi nake daidaita launi. Bari in sake ɗauka."

Ta kafa fitilunta dama da hagu, ta ɗauka, ta jera sabon hoton da tsohon. Katin iri ɗaya sak. Rigar ce ta sauya, farin wuyanta ma ya yi rawaya-rawaya.

Ta ce kwafi ne, kuma daga hoton waya aka kwaikwaye shi, wanda aka ɗauka a ƙarƙashin ƙwan lantarki mai hasken rawaya. Irin hasken nan ke mai da shuɗi kore, shi kuma mai kwaikwayon, bawan Allah, abin da ya gani ya fenta.

Sufeto ya bi ɗakunan gidan baje kolin ɗaya bayan ɗaya yana kunna wuta. Ofishin manaja kaɗai ke da ƙwan rawaya, a nan kuma zanen ya yi mako uku.

Ya ce wa manaja, "Kawo wayarka."

Hoton zanen na ciki, har da gefen teburinsa. Zanen gaskiya kuwa yana bayan kabad, an naɗe shi ana jiran mai saye. 'Yar marigayin ta fashe da kuka.

Sufeto ya nemi mai hoto ta ɗauki zanen don shaida. Ta fito da katinta, ta dubi manaja ido cikin ido.

"Kafin a sa maka ankwa, kashe min wannan ƙwan naka. Zan yi aiki."