Baiko a Iskandariya, Gwaji a Alƙahira

"Ba zan fasa ba," na ce, yatsuna na kan fiyano, ko juyowa ban yi ba.

Shadi ya zagayo ya tsaya a gabana.

"Basant, Mama ta riga ta kama ɗakin taro. Dangi na tahowa daga garin Tanta. Ki bari sai baɗi mana, makarantar guduwa za ta yi?"

"Za ta gudu. Baɗi shekaruna sun haura ƙa'ida, ka fi kowa sani."

"To ni fa, habibti? Ni ba na cikin lissafi?"

Na ɗago na dube shi. Wallahi ina son yaron nan, har cikin ƙashina. Amma na ce, "Ka je ka tambayi wadda ta zaɓi ranar."

Tun ina 'yar firamare nake hawa benen Madam Araksi, tsohuwar Ba'armeniya mai koyar da fiyano a unguwarmu. Sai bana Allah ya yi aka kira ni gwajin shiga babbar makarantar kiɗa ta Alƙahira, ranar wata Alhamis. Kuma wannan Alhamis ɗin Tanti Nagwa, mahaifiyar Shadi, ta tsayar don baikonmu. Mirna ce, 'yar ƙanwarta da ta daɗe tana haɗiyar yawu a kan Shadi, ta ji ranar a bakina ta kai mata da zafinta.

Na je har gida na roƙi Tanti ta matsar ko zuwa Juma'a. Ta zuba mini shayi tana murmushi.

"'Yata, matar ɗana ba za ta hau dandamali ƙattai suna tafa mata ba. Idan mun yi baƙi sai ki kaɗa mana a falo."

"Tanti, ai ni ba rediyo ba ce."

Kofin ya tsaya a hannunta. Mirna ta ƙunshe dariya. Shadi kuwa ya kafa wa kafet ido, bai ce uffan ba, shirun nan nasa ya fi komai ƙona mini rai.

A gida ma ban samu sauƙi ba. Baba ya ce, "Ga kantin maganina yana jiranki, ga miji ɗan mutunci. Kiɗa ake ci?"

Na daina ɗaukar wayar Shadi. Daga safe har la'asar ina gidan Madam, kafaɗuna kamar an yi mini duka. Ranar da hawaye suka ɗigo mini a kan madannai, ta ƙwanƙwashe mini hannu da fensir.

"Kin baro hannun hagunki wurin saurayi. Je ki ɗauko shi. Kuka a baranda ake yi, nan kiɗa."

Ranar Alhamis na fito da jakata. Baba na zaune da jarida, bai ɗago ba. Sai a jirgin ƙasa na buɗe jakar na tarar da burodi da wake a naɗe cikin ledar kantinsa.

A makarantar muna jere a doguwar baranda, kowa na murza yatsu. Ana dab da kirana saƙon Mirna ya shigo: hoton ɗakin taro an ƙawata shi da furanni, ga kujeru biyu a sama.

"Kada ki damu," ta rubuta, "kujerarki ba za ta zauna fanko ba."

"Basant Fikri," aka kira.

Na shiga na zauna gaban fiyano. Alƙalai na zaune can nesa, ba mai fara'a. Na fara lafiya, amma a tsakiya hannun hagu ya zame, na ji ɓarakar har cikin haƙorana. Kamar in tashi in gudu... sai haushi ya taso mini. Na bar baikona don in zo nan in ji tsoro? Na danne, na ci gaba, na zuba wa fiyanon nan duk abin da ban faɗa wa Tanti ba.

"Ya isa. Mun gode," in ji wata mai furfura. Ko kallona ba ta yi ba.

Ina fitowa na ga Shadi zaune a kan matattakala, cikin kwat ɗin baiko, gumi ya jiƙa masa wuya.

"Me kake yi a nan?"

"Sauraro. Ƙofar ba ta da kauri." Ya miƙe. "Basant, ashe duk zaman da nake yi a falonku ban taɓa jinki ba."

"Baƙinku fa?"

"Na ce wa Mama a ci abincin kada ya lalace."

"Mirna kuma?"

"Tana can. Kujera take so, ga ta nan har biyu."

Na cije leɓe don kada dariya ta kuɓuce mini.

"Ban yafe maka ba, Shadi. Ka yi shiru ranar da nake neman bakinka."

"Na sani, ruhina. Zan jira."

Ya kuwa jira. Sai da sakamako ya fito, na ga sunana cikin waɗanda aka ɗauka, sannan na yarda aka sa wata rana. Tanti Nagwa ta yi wata da watanni ba ta amsa gaisuwata. A wurin ɗaurin aure ma fuskarta kamar an aiko mata da mutuwa.

Muka kama gida a Alƙahira, can ƙololuwar wani tsohon bene marar na'urar hawa ta lif. Ranar da aka kawo fiyanona daga Iskandariya, masu dako suka leƙa matattakalar suka ce a kai kasuwa. Shadi ya tuɓe riga, ya kira abokansa, suka kinkima suna nishi, hawa bayan hawa. A wata kwana gefensa ya gogi bango.

Sai ga muryar Tanti daga sama, ta zo jeren kicin, ta leƙo da ludayi a hannu.

"Kai Shadi, a hankali! Idan ka fasa wa yarinyar nan abinta, da me za ta je makaranta?"