Layin Alli a Gefen Ƙofa

Na kusa fasa rubuta wannan. Karatuna bai wuce firamare ba, kuma maganar ta cikin gida ce. Amma har yanzu akwai masu yi wa Yaya kallon ɓarawo.

Ranar da abin ya tonu, wani mai gidan burodi ya kawo faffaɗan ƙarfe shagon Baba a sassaƙa masa. Yaya ya ɗora shi a kan teburin sabon injinmu, wanda kwamfuta ke sarrafawa. Ƙarfen ya ƙi zama. Ya juya shi ta tsaye, ya juya ta kwance, gefe ɗaya na lilo a waje. Baba ya ɗauko tef ya auna teburin, ya sake aunawa, sannan ya zauna a kan benci.

"Kuɗin babban inji na biya," ya ce. "Wannan ƙaramin ne."

Watanni Yaya ya yi yana kwatanta injuna a waya. Wannan da araha amma teburinsa ƙarami, wancan da faɗi amma tsadarsa ta fi ƙarfinmu. Da ƙyar suka tsaya a kan babba ɗaya, Baba ya sayar da filinsa, aka biya ta hannun wani dillali. Yanzu wayar dillalin a kashe. Lambar da ke jikin injin ta babban ce, amma an liƙa ta ne kawai.

Baba bai yi ihu ba. Cewa ya yi da Yaya, "Ko dai da kai aka ci, ko kuma kai sakarai ne. Zaɓi ɗaya." Yaya ya ajiye makullin shago a kan injin ya fita. Ya koma kwana wajen abokinsa.

Baba ya kai ƙara wajen 'yan sanda. Sufeton da aka turo dattijo ne mai ciwon baya. Kujera ya fara nema kafin ya nemi ɓarawo. Ni na kawo masa ruwa, na raɓe bayan tulin ƙarafa da tsintsiyata.

Ya fara da direban da ya kawo kayan.

"Ka tsaya a hanya?"

"Na tsaya, ranka ya daɗe. Na ci abinci."

"Ka buɗe akwatin?"

"Da me? Abin da sai da ƙugiya aka ɗora shi? Da zan iya sauya inji ni kaɗai a bakin titi, ai da dambe nake yi, ba tuƙi ba."

Sufeto ya sallame shi. Aka kira Yaya, ya zo idonsa ja, ya tsaya daga bakin ƙofa.

"Kai ka zaɓi injin?"

"Ni ne."

"Da ya iso ba ka ga ya yi ƙanƙanta ba?"

"A hoto kawai na san shi. Kuma an ce ana kwance masa gefe-gefe saboda tafiya."

"Wa ya ce?"

"Haka dai aka yi ta faɗa ranar."

Sai Kawu, ƙanen Inna, wanda ke kula da saye da sayarwar shagon. Shi ya saba ɗaukata a kafaɗa ina ƙarama. Ya shigo yana girgiza kai.

"Yaran yanzu da waya, ranka ya daɗe. Na faɗa musu a bi a hankali."

"Ka san dillalin?"

"Ni? Ko muryarsa ban taɓa ji ba. Shi da yaron nan suka yi ta ƙus-ƙus ɗinsu."

Sufeto ya yi hamma. Na ɗauka ya gaji zai tafi, don har ya miƙe yana dafe ƙugu. A bakin ƙofa ya tsaya. A bango, gefen ƙofar, akwai dogon layin alli daga sama har ƙasa.

"Wannan fa?"

Ya waiwayo ya hango ni.

"'Yan mata, ke ce mai shara. Me ya sa ba ki goge shi ba?"

Da ƙyar na ce, "Yaya ya ce kar a taɓa. Nan za a fasa bango, don babban ba zai shiga ta ƙofar ba."

"An fasa?"

"A'a."

Ya karɓi tef ɗin Baba ya auna ƙofar, ya sa Yaya ya nuna masa faɗin babban injin a waya. Daga nan Sufeto ya aika a kira magini.

Magini ya zo da siminti a ƙafarsa, yana mita an tashe shi daga aiki.

"An kira ka ka fasa nan?"

"An kira ni. Har na zo da guduma."

"Me ya hana?"

"Ga shi nan," ya nuna Kawu. "Ya tare ni a waje ya ce in koma, injin zai shiga lafiya lau."

"Injin ya iso a lokacin?"

"Ina! Ko jirgin da ya ɗauko shi bai taso ba."

Kawu ya yi 'yar dariya. "Asara na hana. Don me za a rushe bango a banza?"

"Ka kyauta," in ji Sufeto. "Amma ya aka yi ka san zai shiga?"

"Dillalin ne ya tabbatar mini."

Sufeto ya koma ya zauna a hankali.

"Wanda ko muryarsa ba ka taɓa ji ba?"

Sufeto ya juya wajen Baba, yana magana kamar mai son a gama ya je ya kwanta.

"Mai gida, wanda ya san ƙarami ne zai zo ba zai ja layi a fasa bango ba. Ɗanka babba yake jira. Mutum ɗaya ne a nan ya san girman injin tun bai iso ba. Ya ci filinka, sai ya ji tausayin bangonka. Tausayin ne ya tona masa asiri."

Kawu bai musa ba. Ya ce shi ya tura dillalin wajen Yaya, suka raba rarar kuɗin. Ya ce, "Kar a faɗa wa yayata." Amma Inna na tsaye a ƙofar baya da kwanon abincin Baba.

Aka tafi da shi. Kuɗin ba su dawo ba, dillalin ma ba a same shi ba. Baba ya ce da ƙaramin za mu yi ta lallaɓawa. Bai kalli Yaya ba, Yaya ma ya juya ya tafi. Ranar ba wanda ya ci abin kirki a gidanmu.

Washegari da safe na tarar da makullin shago a gefen kofin shayina. Baba yana can yana ɗaure takalmi, ya ba ni baya. Na sa mayafi na tafi gidan abokin Yaya.

Yaya ya kalli makullin a tafin hannuna.

"Shi ya aiko ki, Auta?"

"Bai ce komai ba."

"To ai shi ke nan, shi ne," ya ce. Ya shiga neman takalminsa.